Yadda Ake Warware Gardamar Kuɗin Aikin Tarakta Idan Mai Gona Ya Ƙi Yarda da Lissafi

Duk wanda ya shiga harkar bayar da hayar tarakta, tasa ce ko ta ubangidansa, wata rana zai gamu da wannan: an gama huɗa ko haro (farfasa hoge da daidaita ƙasa), direba ya wuce wata gona, ka kai lissafi, mai gona ya ce shi sam bai yarda ba. Gas ka riga ka ƙona shi, direba na jiran nasa, dillali na jiran la'ada. Irin wannan gardama a gona ake kashe ta, da igiyar awo da shaidu, kuma lokacinta ƙanƙane ne. Da zarar an yi ruwa mai ƙarfi ko an shuka, shaidar aikinka ta goge, sai dai a yi ta ka ce na ce. Don haka kada ta wuce kwana ɗaya ko biyu ba ka taka gonar ba.

Kayan da za ka tanada

Littafin aiki. Shi ne wanda ake rubuta sunan mai gona, ranar aiki, irin aikin (huɗa, haro ko rija, wato yin kunyoyi), farashin da aka yi a kan hekta, da kafin alƙalamin da aka karɓa. Idan ba ka da shi, tattara saƙonnin waya da na murya na WhatsApp da kuka yi kafin aiki. Kada ka goge ko ɗaya.

Abin awo. Tef mai mita 50 ko 100 ya fi. Idan babu, igiya mai kauri wadda ba ta talewa, ka auna mita 50 ka ƙulla ƙulli a kowace mita 10. Igiyar roba siririya tana miƙewa idan an ja ta, kuma mai gona zai kama wannan ya rushe awon gaba ɗaya.

Waya mai manhajar awon fili, irin su GPS Fields Area Measure, da cikakken caji. Idan taraktar tana da na'urar bin diddigi irin wadda kamfanin Hello Tractor ke sakawa, fitar da bayanin aikin ranar.

Sanda miƙaƙƙiya ko guntun rodi don gwada zurfin huɗa, da turaku huɗu ko fiye na kafa alama.

Shaidar kuɗi: rasit, alat na banki, ko takardar POS.

Mutane. Direban da ya yi aikin, dillalin da ya haɗa cinikin idan akwai, da mutum ɗaya wanda shi mai gonar yake jin nauyinsa. Maƙwabcin gona ya fi kowa amfani, domin ya san iyaka kuma wataƙila yana wurin lokacin aikin.

Mataki na 1: Fara binciken gidanka

Kafin ka tunkari mai gona, zaunar da direba da dillali, kowa shi kaɗai. Tambayi direba: ƙarfe nawa ka shiga, ƙarfe nawa ka fita, sau nawa ka bi gonar da haro, akwai inda ka tsallake, mai gona ya ba ka wani abu a hannu? Tambayi dillali: nawa ka faɗa masa, a kan eka ko a kan hekta, nawa ka karɓa?

Ba ƙaramin kaso na rigingimun nan ba ne daga nan suke tasowa. Dillali ya faɗa wa manomi farashi ɗaya don ya samu cinikin, ya faɗa maka wani. Ko direba ya karɓi kuɗin gas a gona bai rubuta ba. Ko kuma yana sauri ya je wani aikin da ba ka sani ba, ya ɗaga garma ta riƙa shafar ƙasa sama-sama. Idan ka je ka yi ta hayaniya da dattijo a gaban jama'a, daga baya ta bayyana yaronka ne ya ci kuɗin, sunanka ne ya ɓaci a garin, kuma a ƙauye labari ba ya kwana.

Duba agogon awa na taraktar da yawan gas ɗin da aka sha ranar, ka gwada da abin da ta saba sha a irin wannan ƙasa. Idan lissafin hekta huɗu aka kawo maka amma gas ɗin na hekta biyu ne, ka san akwai magana.

Mataki na 2: Je ka saurare shi, kada ka je karɓar kuɗi

Kada ka yi wannan a waya, kada ka yi a kasuwa ko a ƙofar masallaci. Je gidansa da yamma bayan ya dawo daga gona, ku gaisa sosai, ka tambayi iyali da damina. Sannan ka ce wani abu kamar haka: “Baba, an ce mini akwai abin da bai yi muku daɗi ba a aikin nan. Na zo in ji daga bakinku.”

Ka yi shiru ya gama. Ko ya zagi direbanka, ko ya ce ku masu tarakta duk ɓarayi ne, kada ka katse shi. Amfanin shirun nan shi ne ka gano ainihin abin da yake ja a kai, domin masu jan lissafi ba iri ɗaya ba ne:

Akwai mai cewa gonarsa ba ta kai girman da aka rubuta ba. Akwai mai cewa aikin bai yi kyau ba. Akwai mai cewa ba haka aka yi ciniki ba, ko ya riga ya biya wani ɓangare. Akwai kuma wanda kuɗin ne babu, ya sayi taki da iri sun cinye abin hannunsa, kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba, sai ya ɓuya a bayan ƙorafi. Wannan na ƙarshen za ka gane shi da cewa ƙorafinsa yana canzawa: ka amsa na girma ya koma na zurfi, ka amsa na zurfi ya koma na direba bai gaishe shi ba.

Kafin ka tashi, maimaita masa abin da ya faɗa a taƙaice, ka ce, “Wato girman gonar ne matsalar, ba farashin ba?” Idan ya amsa, ka ɗaure maganar a nan, ku sa lokacin haɗuwa a gona gobe da safe, kowa ya zo da mutuminsa.

Kuskuren sababbin shiga a wannan mataki shi ne yin ragi nan take don a rabu lafiya. Kada ka rage ko sisi kafin awo. Ragin da aka yi kafin a auna, mai gona zai ɗauke shi a matsayin ka amsa cewa da ma cutarsa aka so yi.

Mataki na 3: Auna gonar tare da shi

Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata ka fi natsuwa. Yawancin manoma ba su taɓa auna gonarsu ba. Abin da suka sani shi ne gadon da suka tarar, da tiyar iri nawa take ci, da dami nawa take bayarwa. Mutum zai rantse maka gonarsa hekta uku ce, kuma ba ƙarya yake yi ba, haka ya ji daga mahaifinsa.

Fara da daidaita ma'auni a gaban shaidu. Hekta ɗaya ita ce mita 100 tsawo da mita 100 faɗi, wato murabba'in mita 10,000. Eka kuwa murabba'in mita 4,047 ce, don haka hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Idan shi a ransa farashin eka aka faɗa masa kai kuma hekta kake nufi, ko akasin haka, bambancin ya ninka fiye da sau biyu. Ku fayyace wannan kafin a ja igiya.

Sannan ka bar shi ya nuna iyakar inda tarakta ta yi aiki, shi da kansa, maƙwabci yana gani. A kafa turke a kowace kusurwa. Miƙa masa bakin igiyar ko ka ba ɗansa, kai ka riƙe ɗaya bakin, shaida ya riƙa ƙirga da ƙarfi yana rubutawa. Awon da hannunsa ke ciki da wuya ya musanta shi.

Lissafin ba wuya. A ce tsawo ya ba da mita 210, faɗi mita 200. Ka ninka su, 42,000. Ka raba da 10,000, ka samu hekta 4.2. Idan ɓangarori biyu masu fuskantar juna ba su zo daidai ba, misali gabas 220 yamma 200, haɗa su ka raba biyu ka yi aiki da 210. Idan gonar ta karkace sosai ko tana da lungu, yanka ta gida biyu ko uku, a auna kowanne daban a tara.

Yanzu cire abin da garma ba ta taɓa ba: gindin tsamiya ko ɗorawa da aka zagaye, suri, fako mai duwatsu, kududdufi, hanyar shanu da ta ratsa. Kai ka fara nuna su da kanka, kada ka jira ya nuna. A misalinmu, a ce waɗannan sun kai 0.2, saura hekta 4 cif. Wannan ɗan abin da ka cire da bakinka shi ne ke sa ya yarda da sauran lissafin.

Idan da waya za ka auna, ku zagaya iyakar tare, a ƙafa, a hankali, kana tsayawa a kowace kusurwa. A yi sau biyu, na biyun wayar tana hannun ɗansa ko shaidarsa. Ka sani GPS na waya yana iya kuskuren ’yan mitoci, wanda a babbar gona ba ya canza komai amma a ƙaramin fegi yana iya yin tasiri. Gonar da ba ta kai rabin hekta ba, igiya ta fi. Dattijon da bai yarda da waya ba kuma kada ka tilasta masa, ja igiya kawai.

Idan babu tef babu igiya babu waya, a yi da taku. A nemi abin da aka san tsawonsa, a gwada taku nawa mutum ɗaya yake yi a mita 10, shi ɗin dai ya taka gonar duka. Awo ne na kusa-kusa, sai ku amince tun farko cewa za a yi aiki da abin da ya bayar.

Idan awo ya nuna shi ke da gaskiya, gyara lissafin a wurin, a gaban kowa, ba tare da jan rai ba.

Mataki na 4: Duba ingancin aikin

Idan ƙorafin na kyawun aiki ne, kada ku tsaya a bakin gona kuna hange. Ku shiga. Zaɓi wuri biyar, kusurwoyi huɗu da tsakiya, shi ma ya zaɓi nasa biyar. A kowane wuri a soka sanda har ta tsaya a ƙasa mai tauri, a riƙe da yatsa daidai bakin ƙasa, a zaro a gwada. Huɗar garma mai kyau takan kai kamar taƙi guda, wajen santimita 20 zuwa 25. Haro bai kai haka ba, kuma ba a tsammanin ya kai. Wannan ma wurin saɓani ne: wani haro ya biya amma zurfin huɗa yake nema.

Duba ko akwai layin da aka tsallake ciyawa na tsaye, ko kusurwoyin da direba ya yanke wajen juyawa, ko hoge manya da ba su farfashe ba. Idan rija ce, duba ko kunyoyin sun miƙe kuma tazararsu ta daidaita. Ta masara yawanci santimita 75 ake bari.

Sai a raba laifi da gaskiya. Tsallake da yanke kusurwa da ɗaga garma laifin direba ne, naka ne ke nan. Amma idan mai gona ne ya matsa a shiga ƙasa busasshiya kafin ruwa ya jiƙa ta, ko laka ce ta yi ruwa da yawa aka ce a dakata ya ƙi, ko bai cire kututture ba bayan an gaya masa, wannan nasa ne. A nan maganar maƙwabci da dillali take da nauyi.

Inda laifin naka ne, abin da na fi so shi ne a dawo da tarakta a gyara wurin kyauta, maimakon a rage kuɗi. Gyara yana ba shi abin da yake nema na gaskiya, wato gona mai shukuwa, kuma farashinka bai karye a garin ba. Idan taraktar ta yi nisa, ko jiranta zai sa ruwan shuka ya wuce shi, auna wurin da ya lalace ka cire kuɗinsa daidai, ko ka biya mai garmar shanu ya gyara masa.

Mataki na 5: Sake rubuta lissafin a gabansa

Ku zauna a inuwa a nan gonar. Rubuta da manyan lambobi, kana faɗa da baki saboda wanda ba ya karatu. A ce an yi ciniki a kan naira 40,000 kowace hekta: hekta 4 ta kama 160,000, an karɓi kafin alƙalami 60,000, ciko 100,000. Idan akwai abin da za a cire na gyara, a cire a fili.

Idan farashin kansa ne ake ja, kuma babu rubutu babu saƙo, ƙa'idar da malamai ke karantarwa ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa. Kai ne mai neman kuɗi, kai za ka kawo shaida. Mafi sauƙi shi ne a kira mutum biyu ko uku da aka yi wa irin aikin a garin cikin makon, su faɗi abin da suka biya. Farashin gari ba ya ɓuya. Idan dillalinka ne ya faɗi ƙasa da farashi, ka karɓi abin da aka faɗa wa manomi, ka je ku daidaita da dillali daga la'adarsa. Manomi bai ci bashin wannan ba.

Mai cewa ya biya ta tiransifa, a duba sunan asusun da kuɗin ya shiga da ranar. Hoton alat kaɗai ba ya isa, sai ka gani a asusunka.

Mataki na 6: Idan kuɗin ne babu

Ja shi gefe, ba a gaban shaidu ba. Ka ce, “Alhaji, damina ce, kowa hannunsa a ɗaure yake. Idan lokaci ne matsalar, ku faɗa mini mu tsara.” Sau da yawa a nan ƙorafin yake mutuwa.

Karɓi abin da ya samu yanzu, ko da kuɗin gas ne da na direba, sauran a sa masa rana takamaimai. “In an yi kaka” ba rana ba ce. A ce ranar kasuwa ta kaza a watan kaza. A rubuta, shi da shaidu biyu su sa hannu ko su dangwala, kowa ya riƙe kwafi, ka ɗauki hotonta a waya. Wanda ya ce rubutu rashin yarda ne, tuna masa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Biyu kafin ta, aya ta 280, ita ce ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, don haka kai ma tana kanka.

Hattara da abu biyu. Kada ka ƙara kuɗi saboda jinkirin, wannan kuɗin ruwa ne, wato ribar da addini ya hana. Kuma idan da hatsi zai biya, a bar bashin a kuɗinsa, ranar biya a auna masara ko shinkafa a farashin kasuwa na ranar. Idan kuka yanke yawan buhu tun yanzu, farashi zai motsa kafin kaka, ɗayanku ya ga an cuce shi, sabuwar rigima ta tashi.

Mataki na 7: Idan ya ƙi duk wannan

Akwai wanda awo ya nuna, shaidu sun faɗa, kuɗi yana da su, amma ya kafe. Bi matakala, kada ka tsallake. Fara da wanda yake jin kunya: yayansa, limamin unguwarsu, ko shugaban ƙungiyar manoman da yake ciki. In bai yi ba, sarkin noma ko mai unguwa, sannan dagaci. Je da littafinka da takardar awo da shaidunka, ka yi magana gajera: “Ranka ya daɗe, ga aikin da aka yi, ga awon da muka yi tare, ga abin da ya saura.” Kada ka zage shi a wurin, kada ka kawo tsofaffin laifuffukansa. Mai takarda da sanyin murya shi ake saurara. Idan masu sulhu suka roƙe ka ka bar wani abu kaɗan don a rufe maganar, ka duba. Sau da yawa ya fi kwanakin da za ka ɓata tarakta na jiran ka a tsakiyar damina.

Kotu ita ce ta ƙarshe. Kotun shari'ar Musulunci tana sauraron irin wannan, haka kotun majistare. Jihar Kano tun 2019 tana da kotun ƙananan basussuka wadda mutum zai iya shigar da ƙara da kansa ba tare da lauya ba, wasu jihohin ma sun buɗe irinta. Kafin ka je, ka aika masa takardar neman biya mai kwanan wata, ka ajiye kwafi. Ka kuma auna kuɗin da kake bi da kuɗin zirga-zirga.

Abubuwan da ba a yi, komai zafin rai: kada ka kai shi wurin ’yan sanda don su karɓo maka kuɗi. Bashi da saɓa yarjejeniya ba laifin kamu ba ne, sashe na 32 na Dokar ’Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum a kan haka, kuma mai gonar yana iya juyowa ya yi ƙararka. Kada ka kama babur ɗinsa ko sansa ko buhun takinsa. Kada ka tura samari gidansa. Kada ka sa hotonsa a Facebook ko a zauren WhatsApp na manoma. Kada ka kuskura ka mayar da tarakta ta tattake shukarsa. In ka yi ɗaya daga cikin waɗannan, ka tashi daga mai bin bashi ka koma mai laifi.

Direbanka kuma ka biya shi haƙƙinsa ko manomi bai biya ba, muddin ba shi ya ɓata aikin ba. Rigimarka da mai gona ba tasa ba ce.

Mataki na 8: Rufe maganar, ka gyara tsarinka

Ranar da ya cika kuɗin, ba shi rasit mai cewa an biya duka, ka sanar da shaidu da duk wanda ya shiga tsakani, ka yi musu godiya. Kada ka riƙa ba da labarinsa a majalisa.

A littafinka rubuta girman gonarsa da aka auna, domin baɗi ba sai an sake ba. Idan ya dawo neman aiki, kuma yawancinsu suna dawowa tunda taraktoci sun yi ƙaranci a lokacin huɗa, wanda gardamarsa ta rashin sani ce ka karɓe shi kamar kowa. Wanda ya kafe da gangan, kuɗi duka a hannu kafin tarakta ta tashi.

Ga sauran abokan ciniki, daga yanzu a auna gona kafin garma ta sauka, a faɗi farashi da ma'auninsa a gaban mutum biyu, a fayyace haro bi ɗaya ne ko biyu, a amince wa zai biya idan kututturen da ba a cire ba ya fasa faifan garma ko taya. Karɓi aƙalla kuɗin gas tun farko, ka hana direba da dillali karɓar kuɗi ba rasit. Mai gona ko wakilinsa ya tsaya a wurin lokacin aiki, kuma kafin direba ya fita ya zagaya da shi, ya ɗauki gajeren bidiyo na gonar da muryar mai ita yana cewa ya gani ya gamsu.